Wa Muke Tunawa Idan Mai Gida Ya Manta Kansa?

Ranar sadakar arba'in ta malamina na makarantar faramare, a wata unguwa cikin Birnin Damagaram, bayan an shafa fatiha jama'a sun watse, muka rage mu kaɗan a zaure. Babban ɗansa, wanda ya zo daga Yamai, ya sunkuyar da kai ya ce: "Ni fa a wurina Baba ya rasu tun shekara biyar da suka wuce. Rufewa ce kawai aka jinkirta." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, duk wanda ya ga idonsa ya san baƙin ciki ne ke magana. Sai dai mahaifiyarsa tana bayan ƙofar da ke shiga tsakar gida. Da yake ɗan fari ne, ba ta fuskance shi ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba. Ni ta kira, ta ce: "Ɗana, ka tambaye shi. In haka ne, wa na shekara biyar ina yi wa wanka?"

Ba wanda ya amsa. Tun daga ranar nake ɗauke da tambayar, domin na lura ba ta gidan nan kaɗai ba ce. Idan cuta ta cinye tunanin mutum kafin ta ɗauki ransa, wane ne ya rage a kan tabarma? In kuma muka zo tuna shi, wanne za mu tuna: na farkon da ya san mu, ko na ƙarshen da ya dube mu kamar baƙi?

Zan kira shi Malam kawai, kamar yadda matarsa ke kiransa. Ya yi fiye da shekara talatin yana koyarwa, galibi a lakwal ɗin ƙauye, kafin a dawo da shi gari inda na zauna a ajinsa. Mace ɗaya ya aura, suka haifi ƴaƴa shida. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a Nijar cikin shekarun 1990 ba su bukatar a tuna musu watannin da albashi ba ya zuwa, ko yadda faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ta sa jaka goma ta zama kamar biyar a gaban duk abin da ake shigowa da shi daga waje. A lokacin ne ya sayar da babur ɗinsa ya sayi hatsi da littattafai, ya koma tafiya a ƙasa, don kada a fitar da ɗiyarsa ko ɗaya daga makaranta. Da matarsa ta kwanta jinya bayan haihuwar auta, shi ya riƙa hura wuta yana dama kunu, maƙwabta na leƙe suna dariya. Yana da wata al'ada da kowa ya sani: ba ya kai loma baki sai ya tambaya, "Yara sun ci?"

Cutar ta shigo a hankali, bayan ya ajiye aiki. Da farko mabuɗi ne da tabarau. Daga nan ya fara maimaita tambaya guda sau biyar kafin azahar. Wata rana ya fita masallacin da ya yi shekara ashirin yana zuwa, aka tsince shi kusa da kasuwar Dole bai san hanyar gida ba. Abin da ya fi ba ni tsoro, ni da na koyi Faransanci a bakinsa, shi ne yadda harshen ya zube daga gare shi kamar ganyen bishiya a hunturu. Mutumin da ba ya yafe wa ɗalibi kuskuren harafi guda ya wayi gari yana duban jarida kamar zanen tabarma. Hausa ta fi daɗewa, sannan ita ma ta ragu zuwa kalmomi ƴan kaɗan da karatun sallah.

Mu Hausawa muna da sunan da muke rufe irin wannan da shi: gigin tsufa. Sunan yana da tausayi, amma yana da haɗari, domin yana sa a ɗauka abin hanya ce da kowane tsoho zai bi. In kuma abin ya yi tsanani sai a sauya suna, a ce hauka, ko sammu, ko iska, a fara yawon neman magani har dukiyar gida ta ƙare. Iyalin Malam ma sun yi nasu yawon kafin su yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, inda likita ya ba abin sunansa: cutar Alzheimer. Sunan wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, wanda a 1901 ya fara duba wata mata mai shekara 51 a birnin Frankfurt. Mantuwa ta kama ta, ta kuma riƙa zargin mijinta ba gaira ba dalili. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya ga wasu dunƙule-dunƙule da zare-zare sun taru a ciki suna kashe ƙwayoyinta. Ɓarnar takan fara daga sashen da ke ajiye sabon abu, shi ya sa karin kumallon yau ke ɓacewa alhali sunan ƙauyen da aka yi yarinta yana nan. Tun a 1881 Bafaranshe Théodule Ribot ya lura da wannan tsari: na baya-bayan nan shi ke fara tafiya. Faransancin Malam baƙo ne da ya zo a lakwal, Hausa kuwa da nono ya sha ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da cututtukan gushewar tunani, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin samu. Akwai magungunan da ke sassauta alamu ko su ɗan rage saurin cutar. Mai warkar da ita dai ba a samu ba.

To, maganar ɗan nan tana da masu goyon baya a cikin manyan masana. Ɗaliban ajin ƙarshe na lise sukan haɗu da John Locke, Baturen Ingila, wanda a 1694 ya kafa hujjar cewa abin da ke sa mutumin yau ya zama shi ne na jiya, sani ne da ke iya waiwayawa baya ya ce "ni na aikata". Iyakar inda waiwayen ya kai, nan ce iyakar mutumin. A kan wannan ma'auni, ranar da Malam ya kasa tuna aurensa, mijin ya tafi, saura jiki. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta. Amma in an bi ta har ƙarshe sai ta kai mu inda ba mai yarda. Ba ni tuna ranar da aka yaye ni, amma ba wani yaro daban aka yaye ba. Labarin shekaruna na farko duk a bakin mahaifiyata na ji shi, na kuma karɓe shi a matsayin nawa. Ashe tun asali wani kaso na kowannenmu a hannun wasu yake ajiye. Abin da cutar ta yi wa Malam shi ne ta mayar da duka kason nasa hannun wasu.

Da farko na ɗauka karin maganarmu ta isa amsa: hali zanen dutse. Ina ma da shaida. A shekararsa ta ƙarshe, lokacin da bai san sunan kowa ba, in aka ajiye masa tuwo yakan raba shi biyu ya ture rabi gefe. In aka matsa masa sai ya ce, "Yara." Yaran nan kuwa ƙaraminsu ya haura talatin. Na ga haka da idona, na koma gida ina cewa ga shi nan, tunani ya tafi amma hali ya tsaya, kuma hali shi ne mutum.

Sai dai gaskiya ba ta bar ni na huta a nan ba. Wannan Malam ɗin ne kuma ya zargi matarsa da sace masa kuɗin fansho a gaban baƙi. Shi ne ya ɗaga mata hannu wata rana tana ƙoƙarin sauya masa riga, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara arba'in da wani abu. Shi ne ya fito tsakar gida ba sutura surukarsa na zaune. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa siffofi goma, cikinsu da gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya da ladabi. In aka ɗora Malam na ƙarshe a kan wannan sikeli, rabinsu sun zube. Da wane izini zan ce rabon tuwo shi ne Malam, ɗaga hannu kuwa cuta ce? Ba zaɓen abin da ya yi mini daɗi nake yi ba? Akwai ma wani nau'in cutar da ke fara cin sashen goshi na ƙwaƙwalwa, inda hali ne ke fara sauyawa tun tunani na nan: mai kunya ya zama marar kunya, mai tausayi ya bushe. Iyalin irin wannan ba su da rabon tuwon da za su riƙe. In na ce mutum yana nan ne saboda sauran halinsa, to na ce musu nasu ya tafi. Dutse ma, in ruwa ya daɗe yana bi ta kansa, zanen yakan shafe.

Game da laifi, shari'a da hankali sun riga sun yanke: wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa zunubi, ba a kuma kama shi da abin da ya faɗa. Wannan ya wanke Malam daga zagi da ɗaga hannu. Amma wankewa daga laifi daban, tabbatar da cewa shi ne daban, kuma tambayar Inna ta biyun take nema.

Na daɗe kafin na gane cewa amsar tana cikin yadda ta yi tambayar. Ba ta ce "wa ya tuna ni" ba, cewa ta yi "wa na yi wa wanka". Mu malamai mun saba neman mutum a cikin kansa, ita kuwa a tsakaninsu ta neme shi. "Miji" da "uba" kalmomi ne da ba su tsayawa su kaɗai. Ba miji sai da mata, ba uba sai da ɗa. Hausa ta san haka da ta kira aure igiya. Igiya tana da baki biyu, kuma in hannu guda ya saki don ya shanye, ba ta tsinke ba muddin ɗayan na riƙe. Ranar ɗaurin aure ba a sa sharaɗin cewa ango zai ci gaba da tunawa ba. Da ya rasu, takaba ta yi masa, wata huɗu da kwana goma, kuma ba wanda ya ce a rage mata shekara biyar don mijin ya riga ya tafi. Jikin da ta wanke shi ne wanda ya yi tafiya a ƙasa bayan sayar da babur. Hannun da ya ɗaga mata shi ne wanda ya dama mata kunu.

Ba ina cewa wannan ya sauƙaƙa kome ba. Ta gaya mini akwai dararen da ta roƙi Allah ya ɗauke shi, sannan ta kwana tana istigfari. Ba na kuma son a ɗauki maganata a mayar da ita bulala a kan matan da suka gaji, domin a gidajenmu nauyin jinya kusan kullum a kan mace yake sauka, maza mu zo gaisuwa mu tafi. Ni kaina ziyarata ta ragu a shekaru biyun ƙarshe. Na ce aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ban iya jure ya dube ni bai san ni ba. Ina zaton abin da ya sa ɗansa ya faɗi maganarsa ke nan. Ya fi sauƙi a ce uba ya rasu da wuri, da a ce yana nan amma ni ne na kasa zama kusa da shi.

Shi ya sa nake ganin al'adarmu ta ta'aziyya, da duk kyanta, tana barin giɓi. Mukan ambaci alherin mamaci mu yi shiru a kan sauran, kuma haka ya dace. Amma a zaman makokin Malam na ji an ba da labarin ajinsa, da baburinsa, da haƙurinsa, ba wanda ya taɓa shekarun cutar ko da kalma, kamar abin kunya ne. Wanda ya share waɗannan shekaru ya share mafi girman aikin da matarsa ta yi a rayuwarta, ya kuma bar maƙwabcin da mahaifinsa ya fara ɓata hanyar masallaci yana zaton abin a gidansa kaɗai ya sauka. Ciwo ba aibi ba ne da za a rufa wa mamaci asiri a kansa.

Bayan ta fita takaba na koma gaishe ta. Na tambaye ta ko cikin shekarun nan ya taɓa gane ta. Ta ce sunanta dai ya ɓace masa tun da wuri. Wani lokaci yakan kira ta da sunan yayarsa, wani lokaci ya ce mata "baiwar Allah". Amma in wani ya kawo masa abinci sai ya kulle baki, in ita ce sai ya buɗe. Na ce, "Ashe ya san ki, Inna." Ta girgiza kai ta ce ba ta sani ba, kuma ta daina tambayar kanta tun da daɗewa. Sannan ta tashi ta ɗauko mini tsohon littafin rajistar ajinsa da ta samu a ƙasan akwati, ta ce in duba ko sunana na ciki.