Niyya a Zuci, Ishara a Hanya

Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa mazaunin niyya zuciya ne, har suka ce wanda ya tashi salla barin furta ta da harshe ya fi masa, domin Wanda ake nufi da ibadar Masani ne ga abin da ƙiraza suka ɓoye. To, amma wannan hukunci, duk da ingancinsa a kan buzun salla, ba ya bin mutum zuwa kan kwalta. Gama direban da ya taso daga Maraɗi ya kama hanyar Ɗan Isa da Jibiya, da nufin ya ratse cikin Jiratawa, bai isa ya ce niyyarsa tana zuci ba, alhali a bayansa ga babbar mota da kaya niƙi-niƙi, a gefensa ga ɗan kabu-kabu ya goyo mace da buhun zogale daga lambunan garin, kuma babu ɗayansu da aka bai wa sanin gaibu. A nan niyya ta zama haƙƙin wasu, kuma ƴar fitilar nan mai ƙyaftawa ita ce harshen da ake sauke haƙƙin da shi.

Mas'alar da ta dame ni ita ce: in harshen ya lalace, ko ya shiga faɗin abin da ba shi ne a zuciyar mai shi ba, wa ke da alhaki? Tsofaffin motocinmu, irin su Peugeot 504 da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, suna da wani sanda a wuyan sitiyari wanda masu gyara a nan suke kira komodo. A cikinsa akwai ƙananan haƙoran tagulla da ke haɗuwa su kai wuta hagu ko dama, da wani ɗan harshe na roba da ke mayar da sandan tsakiya idan sitiyari ya miƙe. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna cin waɗannan a hankali, tagullar ta yi baƙi, robar ta bushe ta karye. Sai ka ga mota ta gama kwana tuntuni amma fitilarta tana ta rantsuwa cewa za ta yi dama. Wannan ya fi mutuwar fitilar muni, domin shiru yana sa na baya taka-tsantsan, ƙarya kuwa tana sa shi ya saki jiki.

Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya, ya bayyana a Risala cewa mahayin dabba da mai janta da mai kora ta suna da lamuni a kan abin da ta taka, ko da ba su yi nufin ɓarna ba. In haka ne hukuncin dabba mai rai da son ranta, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai an motsa shi? A ganina, wanda komodonsa ya mutu bai sani ba yana da uzuri a wajen Allah, ko da biyan ɓarna ya hau kansa. Amma daga ranar da wani ya ce masa, «Malam, fitilarka ba ta yi,» ya amsa da «sai na samu sarari,» ya fita daga babin kuskure ya shiga babin sakaci, kuma ambaton ƙaddara bayan haɗari ba zai wanke shi ba, tun da an umarce mu da riƙon sababi kafin tawakkali.

Shi kansa gyaran yana da ladabin da ya yi kama da na alƙalin kirki, wanda ba ya yanke hukunci da zato. Gwanin mai wutar mota ba ya fara da tuhumar komodo. Zai duba ƙwan fitila tukuna, domin ƙwai ɗaya in ya ƙone, a wasu motoci ƙyaftawar sai ta yi sauri, a wasu ta tsaya cik. In hagu da dama duka sun mutu, sai ya nufi fis, sannan ƴar na'urar da ke yin ƙas-ƙas a ƙarƙashin allon direba. In fitilar birki tana lumshewa tare da ta kwana, ya san wayar da ke komawa jikin mota ce ta yi tsatsa. Sai in ya danna maɓallin haɗari ya ga kusurwa huɗu duk suna ƙyaftawa, amma sandan ya kasa tayar da gefe guda, sannan ya ɗauko ƙwan gwajinsa mai ƴar waya, ya tabbatar wuta tana shiga komodo ba ta fita; a lokacin ne hujja ta tsaya. Sau da yawa na ga an sayi sabon komodo alhali laifin na ƙwai ne, kuɗin talaka ya tafi a kan gaggawar mai gyara.

In hukunci ya tabbata, sai a cire kan batir, a miƙe ƙafafun mota, a yi wa sitiyari alama. In ya zama dole a cire shi, a sassauta babban noti kada a zare shi duka, don kada sitiyarin ya fizgo ya bugi fuskar mai ja. A kwance murfi, a shaida kowace waya da launinta, a goge tagulla in tana goguwa, in ta cinye a sa wani komodon.

A nan kuma wata amana ta sauka a wuyan mai gyara, domin mazhabar Imamu Malik ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka danƙa musu. Wanda ya juya waya biyu, hagu ta zama dama, ya sa bawan Allah yin ƙarya a kowace mararraba daga Jiratawa har Tibiri ba da saninsa ba. Saboda haka bai kamata ya karɓi ladansa ba sai ya tsayar da mai motar a bayanta, ya ɗaga sandan ya sauke, ya juya sitiyari ya ji ya koma da kansa. Wanda kuwa bai samu halin gyara ba tukuna, ya sauke gilashi ya fitar da hannu tun da nisa kafin kwana.