Bin Na Gaba da Bin Lamiri

Hausawa suna cewa bin na gaba bin Allah ne. Magana ce mai kyau, gama da ita gida ke zama gida, gari kuma ya zauna lafiya. Addinin Kirista ma bai saɓa mata ba. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 13, ya gargaɗi masu bi su yi wa mahukunta biyayya, don iko daga wurin Allah yake. Amma akwai tambayar da karin maganar nan bai amsa ba. In na gaban ya saki hanya, ya umurci na baya da abin da Allah ya hana, wa za a bi? Wa kuma zai sanar da na bayan an saki hanya, alhali shugaba ya ce daidai ne, malami ya yi shiru, jama'a kuwa duk sun bi?

Kiristoci suna cewa wannan aikin lamiri ne, watau shaidar nan ta cikin zuciya wadda ke zargin mutum in ya yi mugunta ko ba wanda ya gan shi, ta kuma kwantar masa da rai in ya yi gaskiya ko duniya na zaginsa. A cikin wannan sura ta 13 ɗin Bulus ya ce a bi mahukunta saboda lamiri, ba don tsoron horo kaɗai ba. Ashe ke nan igiyar da ta ɗaure Kirista ga sarki a hannun Allah take, ba a hannun sarki ba. Shi ya sa da majalisar Urushalima ta hana manzanni wa'azi, Bitrus ya amsa mata cewa umurnin Allah ke gaba da na mutum, kamar yadda Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labari a sura ta 5.

Faɗar wannan a baki ba wuya. Bari mu duba wanda ya aikata shi. A ƙasar Ostiriya, a wani ƙauye mai suna Sankt Radegund, an yi wani manomi ɗan ɗariƙar Katolika, sunansa Franz Jägerstätter, haifaffen 1907. A shekarar 1938 Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus, aka jefa ƙuri'a don tabbatar da haɗin, Franz kaɗai ya ce a'a a ƙauyensu. Da yaƙi ya ɓarke ya yi ta nazari, har ya tabbata a ransa yaƙin zalunci ne, kuma ɗaukar bindiga dominsa saɓon Allah ne. Bai yanke shawara shi kaɗai ba. Ya tambayi limaman ikilisiya, har ya tafi birnin Linz wurin bishop. Suka tuna masa yana da mata da 'ya'ya mata uku ƙanana, suka ce alhakin yaƙi yana wuyan masu mulki, talaka nasa bi ne. Ya saurara da ladabi, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Da aka kira shi a 1943, bai gudu daji ba. Ya kai kansa bariki ran 1 ga Maris, ya ce ba zai yi yaƙi ba, amma ya yarda a sa shi jiyyar masu rauni. Ba a karɓa ba. Kotun soja ta Barlin ta yanke masa hukuncin kisa, aka fille masa kai ran 9 ga Agusta, yana da shekara 36. Mu mukan ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To, ga mai gaskiya wuƙa ta ci. Yaƙi bai ragu da kwana ɗaya ba saboda mutuwarsa, matarsa ta reni marayu ita kaɗai, mutanen ƙauye da yawa kuma suka daɗe suna ganin taurin kai ne ya kashe shi.

A nan mai hankali zai tsayar da mu ya ce, "In kowa zai bi abin da zuciyarsa ta raya masa, ina sauran doka? Ba ga masu kashe mutane suna cewa Allah suke bauta wa ba?" Wannan suka tana da ƙarfi, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ta ba. Shi Bulus ɗin nan, kafin ya tuba a hanyar Dimashƙu, ya tsananta wa masu bi yana ganin aikin lada yake yi. Lamirinsa bai zarge shi ba, ga shi kuwa a kan kuskure yake.

Saboda haka lamiri kama yake da mudun awo. Ba shi ya halicci hatsi ba, ba shi ya sa doka ba, aikinsa aunawa ne kurum. Mudu kuwa yakan lotsa, mai son zuciya ma yakan buga gindinsa da gangan don ya rage awo. Duk da haka wanda ya jefar da mudunsa ba shi da abin da zai auna da shi. Toma Akwinas, babban malamin Kirista wanda ya rasu a 1274, ya yi bayani kamar haka: mutumin da ya aikata abin da ya gaskata saɓo ne ya yi laifi, ko da a hakika lamirinsa ne ya yi kuskure, gama a niyyarsa ya zaɓi saɓa wa Allah. Amma bin lamiri mai kuskure ba ya wanke mutum in sakacinsa ne ya hana shi sanin gaskiya. Watau nauyi biyu ke kan Kirista. Tilas ya bi lamirinsa, tilas kuma ya yi ta gyara shi da karatun Littafi, da addu'a, da shawarar waɗanda suka fi shi sani.

Yaya za a rarrabe lamiri da son zuciya? Ga alama a labarin manomin nan. Ya nemi shawara tun bai yanke hukunci ba. Ya ba hukuma duk abin da zai iya bayarwa, abu guda kaɗai ya hana ta. Bai zagi maƙwabtansa da suka tafi yaƙi ba. Babbar alama kuwa ita ce, shi ya biya kuɗin ra'ayinsa da ransa. Son zuciya kullum wajen sauƙi yake jan mutum, ya ɗora wa wani hasarar. In ka ji murya a ranka tana umurtarka da abin da dama kake marmari, sai ka tuhume ta. In tana hana ka barci a kan abin da zai jawo maka hasara, to, ka saurara mata da kyau.

A 1965 babban taron Katolika na Batikan na biyu ya nemi dokokin ƙasashe su yi tanadi ga masu ƙin ɗaukar makami saboda lamiri. A 2007, a birnin Linz inda aka taɓa ba shi shawara ya bi, ikilisiya ta sa Franz cikin masu albarka, matarsa tana zaune a wurin da shekara 94. Amma kada mai karatu ya ce wannan ne ya mai da shi mai gaskiya. Ran da ya tsaya gaban alƙalai bai san za a tuna da shi ba. Abin da ya sani shi ne, ran hisabi ba za a tambayi bishop ko hafsa abin da hannun Franz ya aikata ba, shi za a tambaya. Bin na gaba bin Allah ne muddin na gaban yana bin Allah. Ran da hanya ta rabu biyu, ba wanda zai zaɓar wa wani.