Shin Haƙori Ba Jiki Ba Ne?

'Yan'uwa ɗalibai, ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini rai. In haƙori ya yi kogo, likita yakan kankare ruɓar ya cike ramin, shi ke nan. In an bar shi, ruɓa ta kai ga jijiya, sai aiki mai tsada ko cirewa. To, don me masu inshorar lafiya suke ware baki daga sauran jiki?

Dubi Amurka. Shirin Medicare na tsofaffi, wanda aka kafa a 1965, ainihinsa ba ya biyan kuɗin ciko. A Ingila kuwa an soma magani kyauta a 1948, har da na haƙori, amma a 1951 gwamnati ta sa kuɗi a kan haƙoran roba da tabarau. Aneurin Bevan, uban shirin, ya ajiye muƙamin minista a kan haka.

Masu inshora suna da hujjarsu. Sun ce an yi ta ne domin masifar da ke faɗowa ba zato, ruɓar haƙori kuwa kusan kowa zai gamu da ita, kuma buroshi da rage zaƙi suna hana ta. Na yarda da rabi. Amma yaro ɗan shekara bakwai fa, wane laifi za a ɗora masa? Kuma jira ba ya rage kuɗi, ƙara shi yake yi. Mai hali ya je da wuri a cike masa. Talaka ya yi ta cusa kanumfari a kogon, dare bayan dare, har kumatu ya kumbura, sa'an nan ya je a cire.