Suna Ba Ya Biyan Kuɗin Haya

A watan Fabrairun 2012 wata matashiya mai suna Diana Wang ta maka kamfanin Hearst a kotu a birnin New York. Ta shaida wa kotu cewa daga Agusta zuwa Disambar 2011 ta yi aiki a mujallar kamfanin, Harper's Bazaar, ɗaya daga cikin tsofaffin mujallun ado na Amurka, awa 40 zuwa 55 a mako, ba a ba ta ko sisi ba. A takarda dai 'yar koyon aiki ce.

Sai mutum ya san yadda ake haɗa irin waɗannan mujallu zai gane girman cutar. Rigunan da ake gani a shafukansu, da takalma da jakunkuna da sarƙoƙi, yawanci aro ne daga manyan gidajen ɗinki. Kowane kaya sai an karɓo shi, an rubuta shi, an goge, an kai wurin ɗaukar hoto, an dawo da shi an naɗe, an mayar wa masu shi ba tabo. Ɗan kunne ɗaya ya ɓata, magana ta tashi. Wannan jigila ita ce ƙashin bayan mujallar, kuma shekara da shekaru yaran da ba a biya ne ke yin ta. Idan duk suka ƙi fitowa ranar Litinin, dole a ɗauki ma'aikata a biya su. To wanda rashinsa zai tsayar da aiki, ma'aikaci ne, ko da wane suna aka laƙaba masa.

Abin da ake biyansu da shi romon baka ne. Ana ce wa yarinya ta gode wa Allah da ta samu shiga, ga dubunta a bakin ƙofa suna jira. Ana ce mata sunan mujallar kaɗai zai buɗe mata ƙofofi gobe. Fim ɗin The Devil Wears Prada na 2006, wanda aka ɗauko daga littafin wata da ta taɓa zama mataimakiyar Anna Wintour, editar mujallar Vogue a lokacin, ya nuna wulaƙancin ƙarara, amma 'yan mata da yawa kayan da aka sa a fim ɗin suka gani, suka ƙara kwaɗayin aikin. Kallon kitse suke yi wa rogo.

A Yunin 2013 wasu tsofaffin 'yan koyon aiki biyu suka kai ƙarar Condé Nast, kamfanin da ya mallaki Vogue da Vanity Fair. Ɗayarsu, wadda ta yi aiki a mujallar W, ta ce dala 12 ake ba ta a yini, a ƙasar da mafi ƙarancin lada na awa ɗaya ya kai dala 7.25. Kamfanin bai gyara ba. Cikin Oktoban shekarar sai ya rufe shirin koyon aikin baki ɗaya, wasu matasa kuwa suka koma zagin waɗanda suka kai ƙara, wai sun toshe musu hanya. A 2014 aka sasanta kan dala miliyan 5.8 ga mutum kimanin 7,500. Raba ka gani: bai kai dala dubu ɗaya ba a kan kowane kai. Ita kuwa Diana Wang da abokan ƙararta, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da su a ƙarshen 2017, bisa hujjar cewa su ne suka fi amfana da zaman. Kada wanda ya zaci shari'a ta kashe wannan ɗabi'a.

Ɓarnar ba ta tsaya kan wanda aka ci guminsa ba. Wa zai iya zaman wata shida a New York ko Landan ko Faris, yana biyan haya da mota da abinci, ba abin da ke shigowa? Sai wanda uwa da uba ke tsaye masa. A 2018 gidauniyar Sutton Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa koyon aiki ba biya a Landan yana cin fiye da fam dubu a wata. Ɗiyar direba da ɗiyar mai shara, komai basirarsu, tun a nan an tace su, ba tare da wani ya buɗi baki ya ce kada su zo ba. Har gwanjo an yi: a 2010 wani ya biya dala 42,500 a gwanjon tara kuɗin agaji don samun mako guda a ofishin Vogue. Bayan shekara ashirin, waɗanda suka tsallake wannan rariya su ne editoci, su ke yanke wa duniya wace fata ce kyakkyawa, wane gashi ne na shiga taro. Shi ya sa sai a 2017 baƙar fata na farko, Edward Enninful haifaffen Ghana, ya hau kujerar editan Vogue ta Birtaniya, mujallar da aka kafa tun 1916. A 2020 Anna Wintour da kanta ta rubuta wa ma'aikatanta cewa Vogue ta gaza wajen ba wa baƙaƙen fata wuri.

Wanda ya samu aka ɗauke shi ma bai tsira ba. Dole ya yi shigar da ta fi ƙarfin albashinsa, ya halarci liyafar masu kuɗi, ya koma ɗakin da suke haya su uku. Giulia Mensitieri, mai binciken halayyar al'umma, ta fitar da littafi a Faransa a 2018 kan wannan rayuwa, inda ta nuna masu aikin da ake sallama da jaka mai tsada ko takardar karɓar kaya a shago, alhali bashi ya yi musu katutu. Gyaran da aka samu kuma ba daga tausayin masu gida ya zo ba. Ma'aikatan Condé Nast sun kafa ƙungiya a 2022, suka yi yajin aikin yini guda a Janairun 2024, suka yi barazanar yin zanga-zanga a bikin Met Gala, babban taron ado na watan Mayu. Ana gab da bikin aka cimma yarjejeniya: mafi ƙarancin albashin shiga dala 61,500 a shekara. Tikitin mutum ɗaya na wannan dare dala 75,000 ne.

Abin da ya sa na ɗaga murya shi ne ɗabi'ar ta tsallako teku. Yanzu kowa da waya da shafin Instagram mai mujalla ne, daga Legas zuwa Abuja zuwa Kano, kuma an kwaso salon har da mugun halinsa. A kira mai kwalliya, a kira mai hoto, a kira tela ya kawo kayansa, a tsayar da yarinya yini guda tana sauya riguna, ƙarshenta a ce, "Ai za mu sa sunanka, za a san ka." Shi kuwa mai shafin ya karɓi kuɗin talla ya sa aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kada a fake da cewa koyon sana'a gadonmu ne. Gaskiya ne yaron tela ko na maƙeri ba ya karɓar albashi, amma maigidansa yana ciyar da shi, yana yi masa ɗinkin sallah, yana zaunar da shi ya nuna masa yanka da hannunsa, ranar yaye kuma ba ya sakinsa hannu rabbana. Nauyi ne a kan kowane ɓangare, unguwa kuma tana kallo. Wannan sabon salo ya riƙe hidimar yaro ya yar da nauyin maigida.

Kai mai mujalla, in ba ka da abin biyan mutum biyar, ɗauki biyu ka biya su. Haƙƙin gumi ba ya faɗuwa don an yi aikin cikin turare da fitilu. Ku kuma iyaye, ku daina ɗaukar nauyin 'ya'yanku suna yi wa mai kuɗi bauta kuna alfahari da sunan wurin, domin kuɗinku ne ke cike gurbin albashin da ya hana. Ke kuma da za ki shiga, ki tambaya tun kafin ki ajiye jaka: wata nawa ne, wa zai koya mini, me zan koya, nawa ne kuɗin mota da abinci? A rubuta a sa hannu. A Faransa, cibiyar harkar adon kanta, doka ta wajabta biyan duk ɗan koyon aikin da ya wuce wata biyu a wuri ɗaya, kuma mujallunsu ba su daina fitowa ba.