Mengzi da Shunzi: Da Wane Hali Ake Haifar Mutum?

Tambayar ko da kirki ake haifar ɗan Adam ko da mugunta ta raba manyan malamai biyu na tafarkin Konfushiyas a ƙasar Sin. Sun yi zamani ne lokacin da daulolin ƙasar ke yaƙar juna, kafin daular Cin ta haɗe su a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mengzi, wanda ya rayu daga wajen 372 zuwa 289 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ganin asalin mutum nagari ne. Hujjarsa mai sauƙi ce: duk wanda ya hango yaro yana shirin faɗawa rijiya, gabansa zai faɗi nan take, ba don a yabe shi ba, ba kuma don neman shiga wurin iyayen yaron ba. Wannan faɗuwar gaba ita ce tsiron tausayi. Ya ƙara wasu uku: kunya, ladabi, da rarrabe daidai da kuskure. Tsiro ne kawai, ba bishiya ba, don haka yunwa da mulkin zalunci suna iya kashe shi. Shi ya sa Mengzi yake ɗora wa sarakuna laifi idan talakawa suka lalace.

Shunzi, da ya zo bayansa ya kuma koyar a makarantar Jishiya ta daular Ci, bai yarda ba. A ganinsa mutum da kwaɗayi da hassada yake zuwa duniya, kuma idan aka bar shi haka, rigima ce za ta biyo baya. Nagarta aiki ce da ake sha wa wahala a hannun malami, ta hanyar karatu da kiyaye al'adun ladabi, kamar yadda ake turara karkataccen katako a miƙar da shi. Kuskure ne a ɗauke shi mai yanke ƙauna, domin shi ma ya yarda cewa kowane mutum na kan titi zai iya kai matsayin masu hikima.

A fagen suna, Mengzi ne ya yi rinjaye. Wani malami mai suna Ju Shi (1130–1200 miladiyya) ya sanya littafin Mengzi cikin Littattafai Huɗu, waɗanda suka zama ginshiƙin jarrabawar shiga aikin gwamnati daga 1313 har aka soke ta a 1905. Shunzi kuwa an riƙa kallonsa da zargi, musamman da yake ɗalibansa Han Fei da Li Si sun koma bin tafarkin tsauraran dokoki. Sai dai tarbiyyar masu shirin jarrabawar, ta shekaru ana hadda da horo a gaban malami, ta fi kusa da abin da Shunzi ya koyar.