Fili ba gida ba ne

Mu masu nazarin harshe muna da ɗabi'ar tsayawa a kan kalma. Ɗauki "fili" da "gida". Fili wuri ne da ba kowa a cikinsa. Gida kuwa ya haɗa gini da mutanen ciki, shi ya sa idan an ce maka "ina gida?" ba lafiyar katanga ake tambaya ba. A ganina tsarin biranenmu filaye yake haifarwa, sai a ƙirga su a ce an samar wa jama'a matsuguni.

Kowa ya san yadda lotisma take. Ma'aikatar magajin gari ta karɓi gonakin bakin gari, a yanka, a kafa duwatsun iyaka, a ba masu gona kasonsu, a saida saura. Ruwan pampo, lantarki da magudanar ruwa sai daga baya, in Allah ya yarda. A farkon shekarun 2000 har bashin albashin ma'aikata gwamnati ta biya da filaye a Yamai. Fili ya zama kuɗi ke nan, abin ajiya kamar zinariya.

To, zagaya bayan garin Yamai ko Maraɗi ka gani. Fili zagaye da katanga, a kusurwa bukkar mai gadi da iyalinsa. Mai takarda ba ya kwana nan, mai kwana nan ba ya da takarda. Wanda haya ta fi ƙarfinsa sai ya gangara kwari ko bakin kogi, inda ƙasa ke da araha. Da kogin Kwara ya cika a damanar 2020, unguwanni irin su Saga da Lamorde ne ruwa ya ci.

Shin laifi ne mutum ya sayi fili ya aje? Na san amsar da za a ba ni: "Kai, da guminsa ya saya, kuma ƴaƴansa yake yi wa tanadi." Gaskiya ne, ban ga laifin malamin makarantar da ya aje fili guda yana tara kuɗin siminti ba. Amma mai fili ashirin fa? Ƙasar birni ba ta ƙaruwa. Duk filin da aka kulle ana jiran ya yi tsada, wani iyali ne aka tura nesa da kasuwa, asibiti da makaranta. Kuma tsadar da yake jira ba aikinsa ba ce, hanyar da aka shimfiɗa da harajin kowa ce ta kawo ta. Ko a fiƙihu, raya mataccen wuri ne ke ba mutum haƙƙi a kansa.

Ni dai abu biyu nake so. A aza haraji mai nauyi kan filin da ya daɗe ba a gina ba, musamman ga mai filaye da yawa. Sannan duk magajin garin da ya zo da rahoto, mu tambaye shi iyali nawa suka tare, a cikin filayen da ya yanka.