Bimbinin Safiya: Hannun da Ya Riƙe Alli

 

Jiya Gombe ta yi bikinta biyu a rana ɗaya kamar yadda ta saba: samun 'yancin kan Najeriya a 1960, da cire jiharmu daga tsohuwar Bauchi a 1996. An yi jawabai, an ambaci magabata. Yau 2 ga Oktoba babu rumfa babu fareti, alhali tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ta don ƙin tashin hankali, saboda ita ce ranar haihuwar Mahatma Gandhi na Indiya a 1869. Ranar yaƙi da jahilci ta duniya ma, 8 ga Satumba, ta zo ta wuce ba kowa ya lura ba. Idinmu dai biyu ne, waɗannan ranaku ba ibada ba ne. Tunatarwa ce, kuma mai hankali ba ya raina tunatarwa don ta fito daga nesa.

Ka zaro naira biyar da naira ɗari biyu daga aljihunka ka dubi fuskokin da ke jiki. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, har ya shugabanci Midil ta Bauchi kafin ya zama Firayim Minista. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato. Malam Aminu Kano, wanda aka san shi da sha'awar hanyar Gandhi, shi ma a Midil ta Bauchi ya riƙe alli, ya sha tsangwama saboda jam'iyyarsa ta NEPU bai sauya makaminsa daga baki da alƙalami ba. A zamaninsu ne, cikin shekarun 1950, aka baza azuzuwan Yaƙi da Jahilci a garuruwa da ƙauyukan Arewa, magidanci da furfurarsa ya zauna yana haɗa baƙi da wasali ba tare da jin kunya ba. Kai, ko Modibbo Bubayero da ya kafa masarautar Gombe, ɗalibi ne na Shehu Usmanu kafin ya zama mai tuta. Mun riƙe sunayensu a kan tituna da asibitoci, sana'ar da suka faro da ita kuwa mun bar wa wanda ya rasa abin yi.

Amma kada mu ruɗi kanmu cewa karatu shi kaɗai yana hana zubar da jini. Wanda ya harbe Gandhi a 1948 editan jarida ne. Hafsoshin da suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 sun yi makaranta, wasunsu har Ingila. A nan gida ma, yaron da ake kira ɗan Kalare, wanda ke fitowa da adda da gora idan zaɓe ya matso, shi muke zagi, shi muke gudu. Wanda ya ba shi kuɗin ƙwaya ya nuna masa inda za shi fa? Sau da yawa mai takardar shaida ne, 'ya'yansa suna can makarantar kuɗi. Shi ya sa umarnin farko da ya sauka a kogon Hira bai bar karatu a sake ba, ya ɗaure shi da sunan Ubangiji. Karatun da babu tsoron Allah a cikinsa wasa wuƙa ne kawai.

Mu tsaya kaɗan a kan 'ya'yan Annabi Adamu biyu. Ɗaya ya ɗaga hannu zai kashe, ɗayan ya ƙi ɗaga nasa, ya kuma faɗi dalilinsa: tsoron Ubangijin halittu. Har yau Habila ake yabo, Ƙabila ake ba da misali da shi wajen nadama. Ranar Ɗa'ifa kuma aka jefi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har jini ya zuba. Aka ba shi damar a haɗe duwatsu a kan mutanen, ya ƙi, yana fatan Allah Ya fitar da masu bauta Masa daga tsatsonsu. Bayan yaƙin Badar, malaman tarihi sun ruwaito cewa fursunan da ya iya rubutu amma ba shi da kuɗin fansa, sai ya koya wa yaran Madina goma rubutu a sake shi. Jiya abokin gaba ne da takobi, yau ga shi zaune yara sun kewaye shi. Ni dai ban san inda aka haɗa zaman lafiya da yaƙi da jahilci wuri guda fiye da nan ba.

Gombe ta ɗanɗana ɗacin rashin zaman lafiya. Waɗanda suka ga abin da bom ya yi a Tashar Dukku a 2014 ba sa buƙatar wa'azi a kan darajar rai.

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin rana ta yi zafi ki duba gidanki, ka duba shagonka. Yarinyar da ke miki wanke-wanke ta iya rubuta sunanta? Yaron da ke ɗauko maka kaya a kasuwa yana karanta rasit, ko sai ya nemi wani? Saurayin nan na bakin layi a Bolari ko Jekadafari ko Pantami, wanda kake kauce masa, ka taɓa kiransa da sunansa ka tambayi inda ya tsaya a karatu? Ka zaɓi mutum ɗaya yau, ka saya masa littafi da biro, ka sa masa lokaci bayan La'asar.

Ya Allah, Ka jiƙan magabatanmu, Ka kame hannayenmu daga jinin bayinKa, Ka ba mu ilimi mai amfani, Ka zaunar da Gombe da Najeriya lafiya. Amin. A wuni lafiya.